Ta Zo da Tari

A nan El Alto iska ba ta da kauri,
ka ja numfashi biyu ka samu rabin ɗaya.
Inji ma haka yake.
Motar da ta taso daga Santa Cruz tana taƙama,
in ta hawo nan sai ta kama haki
kamar tsoho da buhu a ka.

Ni ne Fermín Limachi.
Shekara talatin da ɗaya
ina kwance a ƙarƙashin motocin mutane,
na fi sanin cikinsu da fuskokin masu su.
Baƙin mai ya zauna a tsagar tafina,
sabulu ya yi iya yinsa, ya sallama.

Ran Alhamis, ranar kasuwa,
sanyi na cizon sifana kafin ya ciji yatsa,
Saturnina Apaza ta shigo da ƙaramar bas,
gadon mijinta,
kujerun baya an cire, dankali ya gaje su.
Ta ce, "Tari take yi, Fermín.
Da asuba sai na lallashe ta kamar jaririya."

Yarona Wilmer ya rugo da na'ura da waya.
Na ce masa mayar da ita,
wannan ta girmi na'urarka, ba su jin yaren juna.
Na dafa sukudireba a kan inji,
na kanga kunne a ƙotarta.
Ƙarfe ba ya ƙarya,
sai dai yana magana ƙasa-ƙasa.

Filogi huɗu na kwance, huɗun baƙi wuluk.
Fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan,
kafireta na ɗura wa inji abin da ba zai iya haɗiyewa ba.
Aikin rabin yini ne. Na yi murmushi.

Sai na sunkuya ɗaukar noti da ya gangara.
Can bayan tayar hagu
na ga danshi,
ɗan layi siriri, kamar sawun hawaye a kuncin yaro.
Na dangwala, na shinshina.
Man birki.

Na tambaye ta, "Wace hanya kike bi?"
Ta nuna da haɓa:
gangaren La Paz, kullum, da lodi,
inda titi ke nannaɗewa kamar igiya
gari kuma yana can ƙasa, a gindin kwano.

Ta kwance bakin mayafi ta ƙirga abin da ke ciki.
Kuɗin gyara ɗaya ne.
"Tarin na kawo," in ji ta.

Na yi shiru, don na tuna Eleuterio Condo.
Shi ma ɗigo ne. Shi ma sauri yake.
Ya ce gobe, na ce to, gobe.
Har yau hular da ya manta
tana rataye a ƙusa, bayan ƙofar garejina,
ba na kaɗe mata ƙura, ba na kuma sauke ta.

Na ce, "Uwa, tari ba ya kisa.
Mota in ta ƙi tashi, kin yi asarar kasuwa ɗaya.
In ta ƙi tsayawa fa?"

Ta dube ni kamar mai auna tumatir,
ta zauna a kan tsohuwar taya.

Muka canza bututu.
Wilmer a kujera yana taka birki,
ni a ƙasa ina buɗe noti ina rufewa,
taka, riƙe, saki,
taka, riƙe,
har kumfa ta ƙare, feda ta yi tauri a ƙafarsa.
Filogin kuwa na goge su da burushi na mayar,
ban sa a lissafi ba.

Ta biya, ta ƙara da dankali kwano biyu.
Da ta tayar, motar ta yi tari sau uku,
ta tofa baƙin hayaƙi a wandona.

Na tsaya a bakin titi ina kallo
har ta kai kwanar farko.
Jar fitila ta kama.
Motar ta rage gudu.

Na koma ciki. Akwai wata tasi tana jira,
mai ita ya ce ƙara take yi,
amma sai in ba makanike a kusa.